Macijin da Ya Toshe Jirgin Annabi Nuhu

Macijin yana naɗe a bayan randa, ni kuma ina tsaye da taɓarya a hannu na kasa ɗaga ta. Na buɗe baki zan yi kururuwa ke nan sai matar Yayana ta rufe mini shi da tafin hannunta, hannu duk warin albasa.

"Yi shiru, Mai-dariya," in ji ta. "Baƙo ne."

Na fizge hannunta na ce, "Baƙon uban wa? Kububuwa ce!"

Ba ta san kalmar ba. Shekararta huɗu a Yamai, ta san sunan kowane ganyen miya, amma ba wanda ya taɓa koya mata sunayen macizai, ni ma a ranar ban tsaya na koya mata ba. Ta shiga ɗaki ta fito da madarar da Bafillata ta kawo wa ɗiyarta da safe, da ludayi mai dogon hannu. Ta tsuguna. Ta ɗiga masa madarar a ka, ɗis, ɗis, tana yi masa magana da harshensu a hankali, irin muryar da ake lallashin jinjiri da ita. Sai ta dinga ɗigawa a ƙasa tana ja da baya, tun daga gindin randa har wuriyar da ruwan tsakar gida ke fita. Kwana uku ana ruwa, sanyi ya kashe masa jiki, in ba haka ba da ba ni ce ke ba da labarin nan ba. Ya warware kansa, ya yi wannan kukan nasu na goga jiki, shuu, ya bi gefen gini ya sulale ta wuriya. Ta miƙe ta goge hannu da zanenta tana murmushi kamar wadda ta raka suruki ƙofa.

"Ya tafi. Kada ki gaya wa maza, za su bi shi da sanda."

Ban gaya musu ba. Hantsi ne, Baba yana shagonsa na Zango, Yaya yana buro wurin aikinsa, Inna ta shiga maƙwabta. Da na leƙa waje na kira ko mai tura kura ne, da an gama da shi kafin ya kai tarin itacen da ke bayan katangarmu. Wannan safiyar ce ta raba ɗiyar Yayana da uwarta, bakina kuma shi ya ƙarasa aikin.

Bari in faɗi ko wace ce. Gwamnati ta aika Yaya karatun noman ruwa ƙasar da muke ce wa Rasha, duk da ita ta sha gaya mana ba Rasha ba ce tasu, wata ƙasa ce ta makiyaya da dawakai da duwatsu can gabas, Rasha dai ke riƙe da su. Ya yi shekara shida ya dawo da takarda da mata. Mu mun san anasaran unguwar Filato, dogayen hanci, jan gashi. Wannan ba haka take ba. Gajera ce, fuska faffaɗa, idanu ƴan ƙanana, gashi baƙi wuluk har gadon baya. Yaran unguwa suka sa mata Sinuwa, wai ƴar ƙasar Sin. Ta ce ita Musulma ce, Inna ta ce a gani a ƙasa. Aka gani kuwa: bismilla ta iya, da shafa fuska bayan cin abinci, shi ke nan, ko alwala sai da na koya mata. Amma akwai abin da ya sayi Inna. Ba ta taɓa kama sunan kowa a dangin mijinta ba, ta ce a wurinsu abin kunya ne, kowa sai ta laƙa masa suna. Baba shi ne Babban Gida, Inna ita ce Mai Tukunya, ni Mai-dariya. Inna ta ce, "Kay, wagga ta fi ɗiyan Musulmin yanzu kunya." Mu kuma Amarya muke ce mata har ta bar gidan. Ni lokacin aurena na fari ya mutu, na dawo gida da akwatina da bakina, kowa yana kallona kamar ragowar tuwo. Ita baƙuwa, ni bazawara, sai muka manne wa juna. Tare muke sauka gulbi wanki. Gidanmu ba nisa da ruwa, da asuba kana kwance kana jin masunta suna buga gefen jirgi, kana jin turmi daga gida goma, kowace mace an san dakanta, kana jin jakunan masu kawo itace suna tsallake gada. Amarya ta koyi daka, amma luguden ya gagare ta, kullum taɓaryarta na karo da tawa, in zage ta, ta rama da harshensu, mu yi ta dariya har Inna ta leƙo ta ce hatsin dai ba dariya ke surfa shi ba. Yanzu ba turmi, sai inji, injin ma sai in akwai wuta.

Da macijin ya fita na zauna kan turmi na ce wallahi sai ta gaya mini wace hauka ce wannan. Ta jawo faifan shinkafa muna tsinta, ɗiyarta mai shekara uku tana kwance kan cinyarta, ta ce kakarta ce ta ba ta labarin. Wai da ruwan Ɗufana ya kusa, wani bunsuru shuɗi mai ƙahon ƙarfe ya yi kwana bakwai yana zagaya duniya yana kuka, ba wanda ya kula shi sai Annabi Nuhu. Na ce ai bunsurun Inna ma kwana bakwai yake kuka ba a kula shi. Ta ce in rufe baki. Aka shiga jirgi, ruwa ya rufe komai. Suna tsakiyar ruwa sai kusu ya ɓula jirgin. Ruwa na shiga, dabbobi na ihu, giwa ba ta iya ba, zaki bai iya ba. Maciji ya ce shi zai toshe, amma in an sauka a ba shi jinin da ya fi kowane daɗi ya zama abincinsa. Aka ce an yarda. Ya cusa jikinsa a ramin ya naɗe, ya zauna haka cikin sanyin ruwa har aka sauka. Sai aka aiki sauro ya je ya ɗanɗano jinin kowa. Yana dawowa tsattsewa ta tare shi a hanya ta ce, jinin wa ya fi? Ya ce na ɗan Adam. Ta ce buɗe baki in ji ɗanɗanon. Yana buɗewa ta cire masa harshe. Ya zo gaban jama'a ba magana sai wiii, wiii. Tsattsewa ta ce ita tana jin harshensa, wai cewa yake jinin kwaɗo. Maciji ya gane an cuce shi, ya kai mata sara, ya samu tsakiyar wutsiya, shi ya sa har yau wutsiyarta a rabe take.

"To," in ji ta, "shi ya sa ba ma rushe gidan tsattsewa. Shi kuma maciji ya yi aiki ba a biya shi ba. In ya shigo gidanka ba ka kashe shi. Ka ba shi fari, ka ce masa ga rabonka, ya tafi."

Na ce, "Ke, Amarya, wannan ai gatana ce."

"Ba gatana ba ce. Dutsen da jirgin ya tsaya yana kusa da garinmu. Ina ganinsa daga ƙofar kakata."

"Ƙarya kike. Malam ya ce kan dutsen Judi ya tsaya."

Ta ce ita ba ta yi gardama da malam ba, amma kakarta ta ce da ruwa ya fara janyewa duk manyan duwatsu suka miƙe wuya, kowane yana son jirgin Annabi ya sauka kansa. Nasu ƙarami ne, ya san bai kai ba, ya sunkuyar da kai. Shi aka zaɓa. Ta ce tsofaffinsu har yanzu in sun wuce ta wurin sai sun sauka daga doki. Tana faɗa tana kallon katangarmu ta laka da ruwa ya jiƙa har rabi, na ga idonta ya kawo ruwa, sai na bar gardamar.

A ranar ne kuma ta gaya mini na biyun. Ta ce kakarta na cewa duniya sau biyu za ta ƙare. Ta farko da ruwa, an yi an gama, ba za a sake ba. Ta biyu busasshiya ce. Sama za ta zama ƙarfe, ƙasa ta zama tagulla, ba abin da zai sauko, ba abin da zai tsiro. Kafar allura za ta tsage, ƙasan likkafa ya huje. Mutum ya ƙanƙance ya koma kamu ɗaya. Uba ba zai gane ɗansa ba, ɗa ba zai gane ubansa ba. Za a ga zinariya kamar kan doki a yashe a hanya, ba mai sunkuyawa, don ba za ta sayi tukunyar abinci ɗaya ba. Ta faɗi sunan zamanin da harshensu, na ji kusan irin namu ne, ahiruzzamani, na ce ashe dai da gaske Musulmi ne ku. Ina yarinya lokacin, ban ji tsoro ba, allurar ce ma ta ba ni dariya. Yanzu ina zaune a unguwar Bobiyel gidan ɗana, gida duk siminti da daɓen karo mai santsi, ƙofar ƙarfe, ba inda tsattsewa za ta liƙa laka, jikokina su shigo su wuce ni kowa ido a kan waya kamar ni ce kujerar, sai in riƙa ƙirga alamomin nan ɗaya bayan ɗaya. Abu guda dai kakar Amarya ta kuskure. Mu namu ruwan bai gama ba. Da can gulbi yana da ladabi, jan ruwa ya zo da damina, baƙin ruwa ya zo da ɗari, kowane ya san inda zai tsaya, tsofaffi su nuna maka da sanda su ce nan ne iyakarsa. Yanzu ba shi da iyaka. Daminar da ta wuce ya shigo mana da tsakar rana, da kwalekwale aka fitar da ni ta zauren Baba, ina rungume da buhun tufafi, ina kallon ɗakin Inna yana zaunawa a hankali kamar tsohuwa ta gaji. Gidan ya tafi duka. Bayan kwana biyu ɗiyar Yayana ta zo yi mini jaje, babbar mace ce yanzu a minista, ma'aikatar gwamnati, da furfurarta da ƙananan idanun uwarta. Ta zauna ta ce, "Gwaggo, gidan da uwata ta zauna ya faɗi, ubana ya rasu, saura ke. Mi ya kore ta?" Ba ta taɓa tambaya ba sai ran nan. Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba na ce ta ba ni kwana. Shi ne na karɓi kaye, littafin rubutu, wurin jikata in rubuta mata amsar, tunda Allah ya sa na koyi baƙaƙen nan da tsufa.

Ga abin da ya kore ta. Kwana biyu bayan macijin aka yi suna gidan wata ƴar'uwar Inna. Amarya ba ta je ba, ɗiyarta na zazzaɓi. Mata sun cika tsakar gida, ana jiran abinci, hira ta mutu, sai wata ta ce, "Ina kika baro Sinuwarku?" Ni kuwa an san ni, in na tashi ba mai rufe baki. Na miƙe na ɗaure zane, na karɓi ludayi, na tsuguna ina ja da baya ina kwaikwayon Hausarta, baƙo ne, baƙo ne, ga rabonka. Na yi sauro, na yi tsattsewa, har da wutsiya. Mata suna faɗuwa kan juna, wata har da fitsari. Ina cikin jin daɗina na lura Gwaggo, yayar Baba, ba ta dariya. Ta bari aka lafa ta ce, "Ke, tsaya. Madara ta ba shi?" Na ce e. "Ta yi mishi magana?" Na ce e. "Ya ji, ya bi ta?" Na ce ya dai fita. Gwaggo ta tofa goro ta ce, "Mu a garinmu mun san masu ba maciji madara, mun kuma san abin da suke nema." Na ce a'a Gwaggo, ba haka ba ne, labarin Annabi Nuhu ne. Ba wadda ta ƙara saurarena. Kafin a raba cincin wata tana cewa dama ta yi mamakin yadda aka ƙara wa Yaya girma shekara biyu jere. Kafin sati ya zagayo, a bakin pompo wurin ɗiban ruwa an ce a cikin akwati ta zo da macijin daga ƙasarsu, yana kwana ƙarƙashin gadonta, ana yanka masa baƙar kaza.

Da a nan ya tsaya da ya wuce, unguwa ba ta riƙe magana ɗaya wata guda. Amma ruwa ya ci gaba, gulbi ya hau garake, lambunan bakinsa, duk abin da ke rami ya fito. Maƙwabcinmu na bayan katanga Bazabarme ne mai garka, mutumin kirki, shekara ashirin shi da Baba ba a taɓa jin kansu ba. Yana da ɗiya mai shekara tara, ƴar siririya, ita ke kawo mana ganyen salati. Uwarta ta aike ta ta ɗebo itace da yamma, ta sa hannu a tarin nan da ke daidai bakin wuriyarmu, maciji ya sare ta. Aka ɗaure hannun, aka kira mai magani, aka tsaga, da abin ya ƙi aka ɗauke ta a kura zuwa likita. Kwana biyu jini na fita ta dasashinta da ta hancinta. Ran na uku aka dawo da ita a tabarma. Ko shi ne, ko wani ne, Allah kaɗai ya sani, a satin nan macizai bakwai aka kashe a layinmu. Amma ba wanda ya tambayi sauran shidan daga ina suka fito.

Amarya ba ta san ana maganarta ba. Ta ce sai ta je gaisuwa. Inna ta ce ta zauna, ta ƙi, ta ce yarinyar nan tana kiranta Tanti. Na bi ta. Su Amarya a ƙasarsu mace ba ta shiga gidan mutuwa shiru, tun daga ƙofa take ɗaga murya. Haka ta yi. Ta shiga tana wani irin kuka mai kamar waƙa, da harshen da ba mai ji, hannu biyu a ƙugu. Mu kuwa mun zo ne mu ce fonda tilas, gaisuwar mutuwa ta Zabarmawa, mu zauna. Na ga mata suna jan ƴaƴansu jikinsu. Wata ta fara a'uziyya a bayyane. Uwar yarinyar ta ɗaga kai ta dube ta, ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Amarya ta katse kukan. Na ja hannunta muka fito.

A hanya ta ce, "Mi na yi?"

Na gaya mata. Duka. Da tarin itacen, da abin da kububuwa take, da abin da ake faɗa a pompo.

Ta tsaya cikin taɓo ta ce, "Wa ya faɗa musu?"

Na ce, "Ni."

Na so ta mare ni. Sai ta ce, "Sun yi dariya?"

Na ce, "Da farko."

Bayan sadakar uku aka taru a zauren Baba bayan la'asar. Baba, da liman, da Yaya, da uban yarinyar. Aka kira mu biyu muka durƙusa bakin ƙofa. Bazabarmen ya ce, "Alhaji, ban zo faɗa ba. Abin da Allah ya rubuta ya rubuta. So nake in ji da kunnena." Liman ya tambaye ni abin da na gani, na faɗa. Na ce amma Malam ba tsafi ba ne, wallahi, saboda jirgin Annabi Nuhu ne, kusu ne ya ɓula, sai maciji...

"Tsaya, ɗiyata. A wane littafi?"

"Kakarta ce ta faɗa mata."

"Kakar tata ta yi karatu?"

Amarya ta ce, "Malam, a ɓoye kakata ke salla. Gwamnati ta hana, an ƙone littattafai. Abin da ya rage a kanta shi ta ba ni."

Liman ya daɗe yana jan tasbaha. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Ya ce shi bai ga tsafi a nan ba, ya ga jahilci da tausayi, kuma a daina jingina wa Annabawa abin da ba a karanta ba. Ya ce duk wanda ya ce da baiwar Allah nan matsafiya ya nemi gafara. Na ji kamar an sauke mini dutse. Sai uban yarinyar ya juyo ya ce, "Madam, kin san irin wannan yana kisa?"

Ta ce, "Yanzu na sani."

Ya gyaɗa kai. Ya dube ni. "Ke fa, ɗiyar Alhaji? Ke nan aka haife ki."

Har ya mutu ban ba shi amsar nan ba. Ya sa takalmansa ya yi sallama ya fita, Yaya yana zaune kai a ƙasa, duk da takardar karatunsa ta shekara shida.

Maganar liman a zaure ta tsaya, ba ta kai pompo ba. Bafillata ta daina kawo mana madara. Yaran da ke bin Amarya suna Sinuwa, Sinuwa, suka koma gudu in sun hango ta. Yaya ya kama haya a wata unguwa, labarin ya riga kayansu isa. Amma ba mutane ne suka karya ta ba, da wannan ne kaɗai da ta jure, mace ce mai taurin kai. Yarinyar da ta mutu ce. Ta daina cin abinci, ta daina ba da labari, in na je sai in tarar da ita zaune tana kallon bango, ta ce mini, "Shekara tara." Na ce ƙila ba macijin nan ba ne. Ta ce ƙila shi ne. Na ce laifina ne, ni na san shi. Ta ce ita ta ba shi hanya. Haka muke yi, kowa na jan laifin wajensa kamar mayafi ɗaya a daren ɗari, ba wanda ya rufu. Da ta rame har zobenta na faɗuwa sai ta ce tana son ta je ta ga uwarta. Yaya ya yi ta yawon takardu wata huɗu. Da suka fito Baba ya ce ta tafi, Allah ya kiyaye, amma ɗiya ta zauna. Inna ta ce ba mugunta ba ce, in ta tafi da ita ba za ta dawo ba, in ta bar ta dole ta dawo. Amarya ta dubi Yaya. Yaya ya ce da ita da Faransanci wata uku ne kawai. Na je na durƙusa gaban Baba na ce a bar ta ta tafi da ɗiyarta, ya ce bakina bai ishe ni haka ba? Na tashi. In faɗa tun yanzu, ba ta dawo ba. Wasiƙa biyu ta zo da wasu baƙaƙe da Yaya kaɗai ke karantawa, sai shiru, daga baya ma muka ji ƙasar ta wargaje gida-gida. Ko hana ta aka yi, ko ciwon ne ya ƙarasa ta, ba mu sani ba.

Ran tafiyar a gidan Baba suka kwana. Wajen sha ɗaya na safe motar abokin Yaya ta tsaya a ƙofa, ba ta iya shigowa layi saboda yashi. Ɗiyar tasu ta yi wasa ta gaji ta yi barci a ɗakin Inna, da guntun ƙosai a hannu. Amarya ta sa tufafin da ta zo da su, sun yi mata yawa. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta gaida Inna. Ta ce za ta tashi ɗiyarta. Inna ta ce, "Bar ta, in ta farka kuka za ta yi, ke ma ki kasa tafiya." Ta tsaya bakin ƙofar ɗakin. Yaya yana waje yana cewa jirgi ba ya jira. Ta shiga a hankali, ta sunkuya, ba ta taɓa ta ba, ta sa hanci a tsakiyar kanta ta shaƙa, ta sake shaƙa, ta daɗe a haka. Ta fito ta kama hannuna biyu ta matse har ƙashi.

"Mai-dariya, in ta girma ki ba ta labaran. Ki ba ta daidai, ban da kwaikwayo."

Na ce to. Ban ba ta ko ɗaya ba, tsoro nake kada a ce da ita abin da aka ce da uwarta.

Na ɗauki jakarta na raka ta har mota. Layin nan kowa yana cikin gida, amma kowace ƙofa a ɗan buɗe take. Ta shiga baya, ba ta waiwayo ba. Motar ta yi ta tangal-tangal cikin ramuka har ta hau gudron, titin kwalta.

Yarinyar ta farka bayan azahar. Ta fito tsakar gida tana murza ido, ƙosan yana hannunta har lokacin. Ta duba madafa, ta duba bayan ɗaki, ta zo ta tsaya gabana ina tankaɗe.

"Gwaggo, ina Mama?"

Inna tana kan tabarmar salla, ta juya fuska gabas. Na ce, "Ta tafi kasuwa."

Ta ce to. Ta je ta zauna a dokin ƙofar zaure inda ake hango layi, ta ɓare ƙosan biyu, ta ci rabi, ta riƙe rabi.